Muhawara kan kalmar "slack": lalaci ce ko sassauci?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wani abu ya same ni a wurin aiki makon jiya, kuma har yanzu bai bar raina ba. An ba ni rahoton Turanci kan tattalin arzikin Birtaniya in mayar da shi Hausa domin labaran yamma, sai na ci karo da jimlar da ke cewa akwai "slack in the labour market". Abin da na sani tun muna sakandare shi ne, idan malami ya ce da yaro "you are slack", to ragwanci yake nufi, don haka ban yi wata-wata ba na rubuta cewa lalaci ya yi wa ma'aikatan ƙasar katutu. Allah ya taimake ni babban editanmu ya duba takardar kafin a shiga ɗakin karanta labarai. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya ɗago kai ya tambaye ni ko na yi niyyar zagin ma'aikatan ƙasa guda a kan laifin da ba su aikata ba. Da yake lokaci ya ƙure, shi ya gyara da kansa, bai tsaya yi mini bayani ba, ni kuma kunya ta hana ni komawa in tambaye shi. Ina roƙon masu sani su warware mini: mene ne ainihin ma'anar wannan kalma, kuma da me za mu kira ta a Hausa?

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Wa alaikumus salam, Yaya. Editanku ya yi gaskiya, domin a wannan jimlar ma'anar ta kusa zama kishiyar abin da ka rubuta. Masana tattalin arziki suna amfani da kalmar ne idan masu son aiki sun fi aikin da ke akwai yawa. Ta haɗa da wanda ya fita nema bai samu ba, da wanda yake aikin rabin yini alhali cikakken yini yake so, da wanda ya nema har ya gaji ya zauna a gida. Haka ma masana'antar da za ta iya saƙa yadi dubu a rana amma take saƙa ɗari shida saboda babu masu saye, ɗari huɗun da suka rage su ma sunansu ke nan. Manyan bankuna suna sa ido a kan wannan ƙwarai, saboda idan masu neman aiki sun yi yawa albashi ba ya saurin tashi, farashin kaya ma ba ya samun abin da zai ingiza shi, sai bankin ya ga yana da damar barin kuɗin ruwa a ƙasa. A shekarar 2013 Babban Bankin Ingila, lokacin da Mark Carney yake gwamnansa, ya ce ba zai duba batun ƙara kuɗin ruwa ba sai rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 7 cikin ɗari. Da adadin ya sauko da sauri fiye da yadda aka zata, sai a farkon 2014 bankin ya koma magana a kan wannan rarar ƙarfin aiki da ke kwance. Saboda haka mutanen da jimlarka take magana a kansu ba ragwaye ba ne, aikin ne ya ƙi samuwa.

Malamin Turanci:
Bayanin ɗalibarmu ya wadatar a kan jimlar, amma ina so in kare Mai Fassara kaɗan, domin ma'anar da ya ɗauka ita ce mafi tsufa a harshen. Yawancin mutane suna zaton kalmar ta faro ne daga igiya sannan aka ara wa mutum, alhali tarihin rubuce-rubucen Turanci ya nuna akasin haka. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, kalmar tana nan da siffar "slæc", kuma mutum ake siffantawa da ita: mai kasala, mai nawa, mai sakaci da abin da aka ɗora masa. Sai wajajen shekarar 1300 aka fara ganin ta a rubuce da ma'anar abin da ba a ɗaure tamau ba. Amfani da ita a matsayin suna, wato sashen igiya da ke reto ba a ja shi ba, ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 18 daga bakin ma'aikatan jiragen ruwa, waɗanda rayuwarsu kaf a kan igiya take. Tana da 'yan uwa a harsunan da ke kusa, kamar "slakr" a tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, kuma masana suna danganta ta da "laxus" ta Latin, wadda daga gare ta Turanci ya samo "lax" da "relax". Abin da ya faru da Mai Fassara shi ne ya tsaya a ma'ana ta farko, kalmar kuwa ta yi tafiyar shekara ɗari bakwai ta bar shi a can.

Bakanike:
Malamai, ku yi mini afuwa, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma wannan kalma muna taɓa ta da hannu kullum a gareji, kuma a wurinmu ba zagi ba ce. Duk littafin da ke zuwa da sabon babur yana da shafin da ya yi magana a kan sassaucin da ya kamata a bar wa sarƙa, yawanci tsakanin santimita 2 zuwa 3 idan ka sa yatsa a tsakiyarta ka ɗaga sama ka danna ƙasa. Yaran da muke koya wa aiki kullum kuskurensu ɗaya ne, suna ganin ƙwarewa ita ce su ɗaure sarƙa ta yi tsam kamar tsarkiyar baka. Wanda ya yi haka, da zarar mai babur ya ɗauki fasinja ya faɗa rami, sarƙar za ta ja haƙoran da take hawa a kai ta cinye su, wani lokaci ma ta tsinke a tsakiyar titi. Idan kuma ta saki da yawa, sai ta riƙa kaɗawa tana dukan murfinta har ta zame. A birkin iska na manyan motoci ma akwai wani ƙarfe da Turawa suke kira "slack adjuster", aikinsa shi ne ya riƙa cinye tazarar da ke ƙaruwa yayin da takalmin birki yake cinyewa, don kada direba ya taka birki ya ji shiru a gangare. Abin da nake so in ce shi ne, a sana'armu ba a neman a kawar da sassaucin nan gaba ɗaya, auna shi ake yi.

Dattijon Zaure:
Na ji daɗin maganar Bakanike, kuma ita ta sa na ajiye carbi na ɗauki waya. Kuna ta mamakin yadda Bature ya haɗa ragon mutum da sakakkiyar igiya a kalma ɗaya, alhali Bahaushe ya riga ya yi haka tun kaka da kakanni. Ku dubi kalmomin nan da kyau: saki, sake, sakaci, sako-sako, sakwarkwacewa. Igiya tana yin sako-sako, ɗaurin kaya yana yin sako-sako, haka kuma muna cewa shugaba ya yi wa al'amari riƙon sako-sako, ko riƙon sakainar kashi idan abin ya yi muni. Jikin mara lafiya yana sakwarkwacewa, haka ma aikin ma'aikatar da babu mai tsawatawa. Da muka ce an yi sake ɗan zaki ya girma, ai ba igiya muke nufi ba, sakacin mutane muke nufi. Sannan kuma daga wannan gida ne muka samo sakewa, wadda abin so ce, domin baƙo idan ya samu karɓa mai kyau cewa ake ya saki jiki, mai gida kuma a yabe shi da sakin fuska. Don haka ni a ganina, Mai Fassara, ba rashin kalma ne ya kayar da kai ba. Kalmomin sun yi maka yawa ne, ka miƙa hannu ka ɗauko lalaci, wadda ita kaɗai ce a cikinsu ba ta da wata fuska sai ta zagi.

Ɗan Kasuwar Waya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Da na karanta jerin kalmomin da ka kawo sai wani tunani ya zo mini. Tunda "slack" da "sake" sun yi kama a furuci kuma sun yi kama a ma'ana, anya ba daga wurinmu Turawa suka ɗauka ba, ko kuma mu muka ara daga gare su zamanin mulkin mallaka, kamar yadda muka ari bokiti da tebur?

Malamin Turanci:
Ko ɗaya daga cikin biyun bai faru ba, ɗan'uwa, kuma ina roƙon kada mu bar wannan zato ya fita daga zauren nan ya zama labari a wani wuri. Kalmar Turancin tana rubuce fiye da shekara dubu da suka wuce, tun kafin wani Bature ya san hanyar ƙasar Hausa. Ita kuma "saki" kalma ce ta asali a Hausa, shi ya sa ta haifi 'ya'ya da jikoki irin su sakakke da sakewa da sassake, abin da kalmar aro ba ta cika yi da wannan yalwa ba. Ka kuma lura da yadda Hausa take yi wa kalmar aro mai baƙaƙe biyu a farko: "screw" ta zama sukuru, "driver" ta zama direba. Da mun ari wannan kalma, da wani abu mai kama da "silak" za ka ji, ba "sake" ba. Kamar da ka gani dace ne kawai, irin wanda ake samu tsakanin kowaɗanne harsuna biyu idan aka jera dubban kalmominsu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kamar tunanin, cewa al'ummu biyu da ba su haɗa komai ba duk sun kalli mutum mai kasala sun ga igiyar da ba a ja ba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan tufafi take. Wata mai kawo mini ɗinki ta turo mini hoton wando daga wani shagon intanet, an rubuta "slacks" a ƙasansa, kuma wandon ba wani burmeme ba ne, irin na zuwa ofis ne mai kyan guga. Na kuma saba jin 'yan kudu masu sayen kaya a wurina suna cewa roba "don slack" idan robar ƙugun siket ta mutu ta daina kamawa. Shin duk kalma ɗaya ce, kuma me ya haɗa wandon ofis da robar da ta mutu?

Malamin Turanci:
Kalma ɗaya ce, Hajiya. Sunan wandon ya fito ne daga bakin sojoji a farkon ƙarni na 19, ana ganin sa a rubuce tun 1824, kuma a lokacin yana nufin wando mai yalwa wanda bai kama ƙafa ba, saɓanin matsattsen wandon da ake tusawa a cikin takalmi. Daga baya sunan ya zauna a kan duk wandon da ba na kwat ba kuma ba jins ba, ko da tela ya tsuke shi. Maganar 'yan kudu kuwa ita ce ma'anar sassauci kai tsaye, kuma mu ma cewa muke roba ta saki. A Turancin Buroka har mutum ana ce masa kada ya yi "slack", ma'ana kada ya yi sanyi a bar shi a baya, wanda ya yi daidai da "kada ka yi sake", wato saken nan da Baba ya ambata. Sai dai ina gargaɗin masu fassara da wata guda: akwai "slack" da ke nufin garin gawayin kwal, ragowar da ke zuba idan an tankaɗe manyan. Wannan ba ta da dangantaka da tamu, daga wani tushe dabam ta zo, rubutu ne kawai ya haɗa su.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma Baba, ina da ja a kan abu ɗaya, tare da girmamawa. Ka ce kalmomin sun yi mini yawa, to amma a cikin jerin da ka kawo babu wadda zan iya sakawa a jimlata. Ba zan ce akwai sako-sako a kasuwar ƙwadago ba, mai sauraro zai ɗauka ana nufin babu doka da oda a cikinta. Ba zan ce sakaci ba, domin na koma gidan jiya. Sassauci ma zai sa a zaci an rage wa ma'aikata wahala ne. Ashe ke nan akwai wurin da Turancin ya je wanda dangin "saki" ba su kai ba.

Dattijon Zaure:
Ja irin wannan shi ake so, ɗana, kuma na karɓa. Ban ce dangin "saki" za su yi maka kowane aiki ba. Inda Bature ya ga igiya mai reto a kasuwa, Bahaushe ba igiya yake gani ba, cewa yake kasuwa ta yi sanyi, ko ciniki ya ja baya, ko kaya sun yi kwantai. Idan kuma mutane ne suka fi aiki yawa, muna da rara. Wannan shi ne aikin mai fassara, ya tambayi kansa abin da ya saki kafin ya zaɓi kalma. Amma ka ba ni dama in ƙara da wata da na tabbata ta dace, wato talala. Wanda ya taɓa kiwo ya san bambancin ɗaure akuya a gindin turke da yi mata talala, inda za a ba ta doguwar igiya ta yi kiwo iyakar tsawonta. Jikana ya taɓa karanta mini "cut him some slack", na ce masa ai talala ce.

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Baba, a gafarce ni, amma a nan ina ganin talala ba ta zauna daidai ba. Wanda aka yi wa talala har yanzu a hannu yake, ana kallon sa, shi ya sa ake cewa an yi wa ɗan siyasa ɗaurin talala idan an hana shi fita daga gidansa ko garinsu. Har ma akan yi wa mutum talala don ya saki jiki ya aikata abin da za a kama shi da shi. Ita kuwa maganar Turancin tausayi ne a cikinta, ana faɗin ta ne idan mutum ya gaza saboda wani uzuri, kamar sabon ma'aikaci ko wanda aka yi wa rasuwa, ana roƙon kada a tsananta masa. Abin da muke cewa a nan shi ne a ɗaga masa ƙafa, ko a yi masa uzuri, ko a sassauta masa.

Dattijon Zaure:
Kin yi gaskiya, 'yata, ɗaga ƙafa ta fi. Na bi hoton igiyar ne na manta da zuciyar maganar. Na janye talala, amma ina riƙe da ita don wata rana.

Injiniyan Gine-gine:
Ina so in goyi bayan Bakanike daga wani ɓangare, domin a tsara aikin gini ma kalmar abin nema ce. Idan muka zana jadawalin aiki, kowane sashe muna lissafa masa kwanakin da zai iya jinkiri ba tare da ya ja ranar miƙa gini baya ba, kuma wannan tazarar ita ake kira "slack" ko "float". Misali, idan mai haɗa tagogi yana buƙatar kwana 10, amma ba za a nemi tagogin ba sai bayan kwana 25 lokacin da bango ya kai, to yana da kwana 15 a hannunsa. Zuba ginshiƙi kuwa ba shi da ko kwana ɗaya, domin kowa shi yake jira. Ɗan kwangilar da ya matse jadawalinsa har babu irin wannan tazara ko kaɗan, ruwan sama na yini biyu ko motar siminti da ta lalace a hanya sun isa su rushe masa lissafi. Ku dubi wayoyin wutar lantarki ma, ba don ragwancin ma'aikata ake barin su da ɗan lanƙwasa tsakanin turaku ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, wayar da aka ja ta yi tsam a watan Afrilu tana iya tsinkewa ko ta ja turke idan hunturu ya kankama. A irin wannan wuri ni "rarar lokaci" nake cewa idan ina yi wa leburori da magina bayani, kuma suna ganewa nan take.

Ɗan Kasuwar Waya:
To ni yanzu abin da ya ɗaure mini kai shi ne manhajar nan ta Slack da kamfanoni suke amfani da ita wajen tattaunawar aiki. Yaya za a yi mutum ya ƙirƙiri kayan aiki ya sa masa suna lalaci, kuma manyan kamfanoni su saya?

Malamin Turanci:
Masu ita sun ce sunan taƙaitawa ne na "Searchable Log of All Conversation and Knowledge", wato rumbun hira da bayanai da za a iya bincikawa, amma babu Baturen da zai ji sunan bai yi murmushi ba, kuma da wuya a ce ba su san da haka ba. Asalinta ma kayan aikin cikin gida ne na kamfanin wani ɗan kasuwa mai suna Stewart Butterfield, kamfanin da ke ƙera wasan kwamfuta. Wasan bai karɓu ba aka rufe shi, sai suka fitar da manhajar hirar ga jama'a a 2013, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Salesforce ya sanar da sayen ta a kan dala biliyan 27.7. Sai dai kada wannan ya sa mu zaci kalmar ta wanke gaba ɗaya. Kalmar "slacker", wato rago, har yau zagi ce, kuma ta taɓa zama zagi mai haɗari. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ta kafa dokar tilasta shiga soja a 1917, da wannan suna ake kiran duk wanda ake zargin ya zille. A watan Satumba na 1918 an yi kwana uku ana samame a birnin New York, jami'ai da 'yan sa-kai suna tare maza a tashoshin jirgi da gidajen kallo suna neman katin rajista, aka tsare dubban mutane, daga baya ta bayyana cewa mafi yawansu ba su da laifin komai. A yau kalmar ta koma kan matashin da ba shi da himma, wanda mu za mu ce cima-zaune ko mai zaman kashe wando.

Bakanike:
Malam, ashe wandon Hajiya ya sake dawowa cikin maganar. Ni dai a gareji na fi jin tsoron yaro mai ƙarfin hannu da sifana fiye da rago, domin rago aikin ne kawai ba zai gama ba, shi kuwa wancan sai ya tsinke maka kusoshi a cikin injin mutane.

Mai Fassara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na sake rubuta jimlar, ina so a duba mini: "Har yanzu akwai rarar ma'aikata a Birtaniya, domin masu neman aiki da masu son ƙarin sa'o'in aiki sun fi guraben da ake da su yawa." Na san ta fi ta Turancin tsawo nesa ba kusa ba, kuma a rediyo kowace daƙiƙa da kuɗinta, amma ban ga yadda zan gajarta ta ba tare da mai sauraro ya ɓata ba.

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Ma'anar ta fito, Yaya, sai dai ina jin tsoron "rarar ma'aikata" ita kaɗai, domin wani zai ji kamar ana cewa ma'aikatu sun cika da mutanen da ya kamata a sallama, musamman a ƙasar da aka saba jin labarin rage ma'aikata. Da ni ce, zan cire ta in fara kai tsaye da cewa masu neman aiki a Birtaniya har yanzu sun fi guraben aiki yawa. Hakan ya rage maka kalmomi, kuma babu wanda aka zaga.

Mai Fassara:
Na ɗauki wannan, ƙanwata. Gobe da safe zan kai wa editan in ji abin da zai ce, sannan in tambaye shi abin da shi ya rubuta a ranar, domin har yau ban saurari labaran yammacin nan ba.